Mai Ɗanɗana Miyar Sista

Murfin tukunyar ya fara rawa ke nan Sista Mai Miya ta ɗaga murya daga cikin tururi.

"Ina Baba Tela? Miya ta nuna, alƙali bai iso ba."

"Ga ni nan. Kin taɓa ganin alƙali yana gudu?"

Ya shigo ɗakin girkin gidan Sistoci yana dogara sanda, sanye da kwat ɗinsa mai ruwan toka, a goge ƙal. Matan coci da ke yankan burodi suka gaishe shi, ya amsa ɗaya bayan ɗaya da sarautar da ya naɗa wa kowace, daga Sarauniyar Albasa har Uwar Surutu. Ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya shimfiɗa hankici a cinya.

Juma'a ce ta lokacin azumin Kirista, ranar da ba a cin nama. Tun jiya Sista ta jiƙa wake. Da safe ta soya albasa da tafarnuwa har suka yi ja, ta zuba kabewa da karas da dankali, ta tsinko ganye a lambun bayan coci. Ba ta duba agogo in tana girki. Carbinta ne a hannun hagu, ludayi a dama, in ta kai ƙarshen addu'a wake ya yi laushi. Da an fito daga addu'ar Hanyar Giciye a coci, marasa ƙarfi za su yi layi a bakin zaure, kowa da kwanonsa.

Amma kafin nan sai an ɗanɗana. Ko'ina a duniya da cokali ake ɗanɗano. A wannan ɗakin kwano ne guda mai zurfi, da burodi yanka biyu a gefe, wai na goge harshe.

Baba Tela ya yi alamar giciye, ya kurɓa, ya lumshe ido. Sai da ya ga gindin kwanon sannan ya yanke hukunci.

"Wake ya yi. Kabewa ta yi. Gishiri ne ya ɗan ja baya."

"Ka gani ko? Da na kunyata a gaban jama'a."

Ta tsoma hannu a gwangwanin gishiri, ta kaɗa yatsu a saman tukunya, ta juya da ludayi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗa ciki ba. Ta sake cika kwanon.

"To, sake ji mana."

* * *

Harshen Sista lafiyarsa lau. Tana iya gane miyar da aka yi wa rowar albasa tun daga bakin ƙofa.

Baba Tela ne ya ɗinka wa Sistocin gidan rigunansu shekara da shekaru, har idonsa ya yi rauni, masu kawo ɗinki suka watse. Matarsa ta rasu. Ɗansa guda, wanda kowa ke kira Injiniya, yana can ɗaya gefen garin cikin gida mai bene, kuma yakan bugo waya. "Baba, lafiya?" "Lafiya lau." Shi ke nan an gaisa, an sauke nauyi.

Wata Lahadi Sista tana bayansa a layin karɓar Jibi Mai Tsarki a coci, ta lura da abin da ya tsaya mata a rai. Wuyan tsohon ya zama siriri, kunnuwansa sun fito, amma kwat ɗin ta zauna masa cif-cif. Wanda ya rame, kaya kan yi masa yawa. Nasa ba su taɓa yi ba. Sai ta gane cewa tela ne yake ɓoye yunwarsa da allura.

Bayan an tashi ta tare shi, ta ce ya riƙa biyowa ranar Juma'a ya karɓi miya. Ya yi murmushi, ya gyara wuyan kwat.

"Sista, ɗana Injiniya ne. In aka gan ni a layi da kwano, me za a ce da shi?"

Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta tausayi. Mutum yana ƙarewa a tsaye, amma sunan ɗansa yake karewa. Da mako ya zagayo sai ta aika a kira shi, ta marairaice fuska, ta ce wata muguwar mura ta tafi da ɗanɗanonta, ga bakin jama'a, ko zai taimaka mata saboda Allah? Ya ce zai duba ayyukansa. Washegari ya riga masu yanka albasa zuwa.

Da yake harshen ya ƙi warkewa, aikin ya bazu daga Juma'a zuwa tukunyar Sistoci ta sauran ranaku. Ita kuwa duk Asabar sai ta durƙusa a gaban Fada, limamin cocin, ta furta laifinta.

"Har yanzu ƙaryar nan ce, Sista?"

"Ita ce, Fada."

"Kina da niyyar dainawa?"

"Gaskiya ba ni da ita."

Fada ya yi tari don kada dariya ta kuɓuce masa a wuri mai tsarki. "To, ki nemi wani zunubin ki kawo mini. Wannan kam, je ki ƙara wake a tukunya."

* * *

Ranar da Injiniya ya zo, tun daga nesa aka san ya zo. Mota ta tsaya, aka sauke buhunan wake, aka jera su yadda sunan kamfaninsa zai fito sosai. Yana sanye da farar kwat, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida yana da kyauta. Sai dai kyautarsa ba ta son fita in babu mai kallo.

Mai hoto ya shiga gyara layin marasa ƙarfi kamar yana jera kaya a kanti. "Mama, ɗaga kwanon sama. Kalli nan. A'a, rage murmushin." Wata tsohuwa ta ja gyale ta rufe fuska, wani dattijo ya sulale ya bar layin da kwanonsa wayam. Sista tana kallo ta taga, ta matse carbinta har ya yi mata shaida a tafin hannu.

Daga nan aka ce sai an ɗauki hoton babbar tukunya. Injiniya ya shigo ɗakin girki yana dariya, ya yi turus.

"Baba? Me kake yi a nan?"

"Aiki nake," in ji Baba Tela, ya ɗaga cokali. "Ni ne mai ɗanɗano. Harshen Sista ya mutu, in ba ni ba, da mutanen nan sun sha ruwan zafi."

Injiniya ya ji daɗi ƙwarai. Ya dafa kafaɗar uban, ya juya ga matan. "Kun ga inda na gado son aikin coci. Amma Sista, ai da kin faɗa mini. Tsoho kamar wannan yana tako ƙafa kullum? Daga mako mai zuwa zan turo ƙwararren kuku, ni zan ɗauki nauyinsa. Baba ya zauna a gida ya huta."

"Madalla," in ji Baba Tela. "Allah ya yi albarka."

Amma Sista ta ga yadda ya jawo kwanon jikinsa da hannu biyu. In ta yi shiru, tsohon zai koma ɗakinsa ya ci gaba da rage kwat. In ta yi magana, ta tsiraita shi a gaban ɗansa da matan coci, ta rushe abin da ya yi ta karewa da cikinsa. A zuci ta ce, Uwa Maryamu, ni dai dabarata ta ƙare.

"Yallaɓai, riƙe ludayin, ka ɗaga shi sama sosai," in ji mai hoto.

Injiniya bai saba da ludayin Sista ba, mai nauyi kamar taɓarya. Ya ciko shi, ya ɗaga, ya juyo yana murmushi, ludayin ya karkace. Kabewa da wake suka sauka a farar kwat tun daga ƙirji har aljihu. Uwar Surutu ta tura fuska cikin kwandon burodi, kafaɗunta na rawa.

Kafin kowa ya motsa, Baba Tela ya miƙe ya tuɓe tasa. Uba ne, bai tsaya tunani ba.

"Ungo, sa wannan a gama hoton. Ai dama taka ce, kai ka ba ni. Ka manta girmanmu ɗaya?"

Injiniya ya karɓa yana dariya, ya zura hannu. Hannun ya tsaya a gwiwa. Ya gwada ɗayan, ya ƙi. Ya cire ta, ya juya cikinta don ya ga abin da ya tokare.

A ƙarƙashin keken ɗinki ya girma, shi ke zura wa uban zare a allura, don haka ya iya karanta ɗinki. Layuka ne a jere a kowane gefe, wani cikin wani. Na farko miƙaƙƙe, da zare mai ruwan toka, aikin gwani. Na bayansa da baƙin zare. Na can ciki kuwa a karkace, da zare kala-kala, ɗinkin mutumin da ke laluben allura da yatsa. Ya bi su da babban yatsansa a hankali. Sannan ya ɗago ya dubi uban, wanda ke tsaye cikin 'yar shara, ƙasusuwan kafaɗarsa a waje. Ya dubi kwano mai zurfi da ake kira na ɗanɗano. Ya dubi Sista. Ita kuwa ta kama goge teburin da ba shi da datti.

"Kai ne ka yi ƙiba," in ji Baba Tela. "Tun kana yaro ba ka raina abinci."

Matan suka fashe da dariya, har da wadda ke share ido da gefen zane. Injiniya bai yi ba. Ya riƙe kwat ɗin ya sa wa uban da kansa, ya ɓalla masa maɓalli. Ya ce wa mai hoto ya je mota ya jira, kuma a bar mutane su karɓi miyarsu yadda suka saba. Sannan ya jawo wata 'yar kujera ya zauna kusa da taga, da wake a ƙirjinsa.

"Sista, maganar kukun nan a bar ta. Ina ga dai aikin ɗanɗanon ya yi wa mutum ɗaya yawa. Akwai wani kwanon?"

Sista ta cika kwano biyu har baki. Rabon da ta ji daɗi irin na ranar, ta manta.

"A hankali," Baba Tela ya ce wa ɗansa. "Ba a yanke hukunci sai an ga gindin kwano."

* * *

Injiniya ya dawo Juma'ar da ta biyo, da ta bayanta. Kayan abinci suka isa ɗakin tsohon, ba tare da mai hoto ba. Daga nan aiki ya taso wa Injiniya. Direba ya fara zuwa da saƙon gaisuwa, da alkawarin mako mai zuwa.

Ana gab da bikin Ista, Sista ta shigo daga lambu ta tarar da Baba Tela a bakin taga, kwat a cinya, reza a hannu. Yana farke layin can ciki, mai zare kala-kala.

"Miyarki ta ɓata mini aiki, Sista. Maɓalli ya ƙi shiga."

Matan suka yi ta tafi, Sarauniyar Albasa har da 'yar rawa da wuƙa a hannu. Da hayaniyar ta lafa, tsohon ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Af, yau in za ki ƙara gishirin, ki ɗan ɗebo ko ƙwaya biyu. Idona ya yi rauni, amma kunnena yana jin abin da ya faɗa tukunya da wanda bai faɗa ba."

Ta dube shi, ya dube ta, suka yi dariya har ta dafa bango.

Ta zuba kwano biyu kamar yadda aka saba yanzu. Ya jawo nasa. Ɗayan ya ɗauki faranti ya rufe shi da kyau, ya tura shi inda rana ke faɗowa a kan tebur don kada ya huce. Ya ci gaba da tsinke zaren. Duk motar da ta rage gudu a bakin ƙofa, sai rezar ta tsaya.