Saƙon da Akawu Yake Jira

Wayar tana yin ƙara Akawu ya zabura, har ya yi fatali da kofin shayi. Ba kamfanin ba ne, wata ce take tambaya ko an gama mata ɗinki. Ya miƙa wa matarsa wayar, ya koma zirga-zirga tsakanin ƙofa da taga kamar wanda matarsa ke naƙuda.

Ita ta jawo wa kanta. Tun da aka rufe masaƙar da ya yi rabin rayuwarsa yana kula da sitonta, ba abin da ya rage masa sai sunan Akawu da biro a aljihu. Zamansa a gida ya ishe ta, tausayinsa kuma ya hana ta sukuni. Shi ya sa ran nan ta bar keken ɗinki, ta zaunar da shi, ta buɗe masa imel a wayarta. Sai da ya sa rigar fita da hula kafin ya yarda su fara, wai ba a neman aiki da singileti. Ta ɗauki hoton takardunsa, suka tura wa wani kamfanin rarraba kaya da ya yi tallar neman mai kula da sito.

Kafin ya gyara zama amsa ta shigo: an karɓa, an gode, za a neme shi nan ba da jimawa ba.

Ta gaya masa na'ura ce take aika wa kowa haka. Ya yi mata kallon yarinya. A duniyar da ya sani, idan babba ya ce zai neme ka, magana ta ƙare, sai ka tsaya inda aka bar ka.

* * *

Ana cikin haka yayanta ya zo. Yana neman amintacce ya riƙe masa siton gidan biredinsa, kuma da gaggawa, don buhunan fulawa sun fara yin ƙafa. Aikin ba wani babba ba ne, amma ko ba komai yara za su koma makaranta.

Akawu ya yi godiya har da rusunawa, sannan ya ce, “Yaya, da ka zo tun farko. Yanzu akwai magana tsakanina da wasu mutane, sun ce in jira. Ban taɓa yin magana biyu ba, ba zan fara da furfura ba.”

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Ta roƙi yayan ya ɗan ƙara musu lokaci, ya ce zai duba. Wayar kuwa ta tashi daga tata ta koma ta Akawu. Masu ɗinki in sun kira sai ya katse, wai kada su tare wa mutanen hanya. Haushinsa take ji, tana kuma jin kunyar haushin, domin wannan gaskiyar tasa ita ta sa ta aure shi.

* * *

Wata safiya ya kai wayar wajen mai caji, sai ga wata Hajiya da wanduna sababbi a leda, tana so a rage wa ɗanta tsawo. Baki bai rufu ba: yaron ya samu aiki, shi ne mai kula da sito a kamfanin nan na rarraba kaya. Kawunsa ya gama maganar tun kafin a buɗe wurin.

Matar Akawu ta tambaya a hankali, to tallar da suka sa a intanet fa?

Hajiya ta yi dariya. “Wannan ai don a ce an yi ne.”

Yadda ta gama ɗinkin ita ma ba ta sani ba. Ta yafa mayafi, ta nufi gidan biredi tana haɗawa da gudu. A bakin sito ta tarar da wani baƙon mutum da makullai a hannu. Yayan ya kawar da kai, ya ce ya jira iya jira.

Da ta dawo ta iske Akawu ya shimfiɗa bargo a ƙasa yana goge wandunan, don a rage mata aiki. Ta tsaya a kansa ta faɗa masa komai, har da mai wandon da ke gabansa. Ba ta sakaya ba.

Ya ajiye dutsen gugar. Can ya ce, “To me ya sa suka ce za su neme ni?”

Ya yayyafa wa wandon ruwa, ya daidaita karin da yatsunsa, ya ci gaba da guga a hankali, kada yaron mutane ya shiga ofis da kari biyu.