Faranti na Goma Sha Biyu

A ɗakin bincike kowa Mai Gwal yake ce mata, don shekara huɗu ke nan tana fama da 'yan farantan zinare da ba su wuce farce ba. Aikinta mai sauƙin faɗi ne. Akwai wata ƙwayar sinadari, ƙanƙanuwa ta innanaha, wadda ita kaɗai maganaɗisu ce. In aka juya ta arewa a cikin tsananin sanyi, sai ta riƙe arewan nan gam. Mai Gwal so take ta manna irin waɗannan ƙwayoyi a kan faranti, su zauna da halinsu. To, a cikin kwalba lafiya lau suke, amma da sun taɓa zinare sai su manta komai.

Farfesanta ya gaji. Ya ce Juma'ar nan ce ranarta ta ƙarshe a kan injin sanyin da take gwajin da shi, in bai yi ba ta nemi wani aikin, shekara huɗu sun bi ruwa.

Ran Litinin Baba mai kula da injuna, dattijon da ke wanke mata farantai, ya kawo mata goma sha biyu. Sha ɗaya na ƙyalli, ɗaya kuwa ya yi dishi-dishi. Nan fa ta hau shi da faɗa a gaban jama'a.

"Baba, mene ne wannan? Ka ɓata min faranti!"

"'Yata, ai da gangan na…"

"Don Allah ka tsaya a kan wankinka, sauran ba aikinka ba ne."

Ya ɗauki tirensa ya fita.

Ran Juma'a tun safe take sa faranti tana cirewa. Layin da ke kan kwamfuta ya kamata ya buɗe gida biyu in ƙwayoyin sun riƙe halinsu, amma sau goma sha ɗaya yana fitowa siriri kamar zare. Bayan la'asar saura ɓataccen nan kaɗai. Ta sa shi, ba don ta yarda da shi ba, sai don kada a ce ta bar wani abu.

Layin ya buɗe. Ta sake gwadawa, ya sake buɗewa. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, kunya kuma ta rufe ta gaba ɗaya.

Ta same shi a ɗan ɗakinsa na ƙarshen baranda, ya kwance wani famfon zuƙe iska, hannu duk baƙin mai. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ita da ko sannu ba ta cika yi masa ba.

"Baba, ya yi. Naka ne ya yi. Me ka sa masa?"

"Shimfiɗa na yi wa ƙwayoyin," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Wani ɗan farin gishirin ƙarfe na turara a kan farantin, siriri ƙwarai. Na ga zinaren ne ke damun su. Ke kin taɓa ganin an kwantar da jariri a kan siminti tsirara?"

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Ai na fara."

Hawaye suka zubo mata. "Ka yafe min, Baba. Wallahi ka cece ni. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Sunanka zai fito a takardar binciken da zan buga, ko Farfesa ya so ko ya ƙi."

"Tashi mana, kada ki ɓata farar rigarki, a ce ni ne kuma."

Ta yi dariya tana share fuska. Ta jawo wata tsohuwar kujera, ta kakkaɓe ƙurar, ta buɗe littafinta.

"Faɗa min daga farko. Zafi nawa, minti nawa?"

Dattijon ya goge hannunsa a tsumma, ya dube ta.

"Shekarata talatin a ɗakin nan," ya ce. "Ke ce ta farko da ta zauna a kujerar nan da biro a hannu."