Motar Tamada Ta Sha Fenti

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da jarida a bakin tashar motar Yelwan Yauri, don haka in na ce mutanen garin nan sun daina karatu, ba zagi ba ne, shaida ce. Da can akwai masu saye: malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, har da wani akawu da ke saye don ya rufe fuska ya yi barci a ofis. Yanzu kowa ya dunƙule cikin waya. Sai dai a kewaye teburina a karanta kanun labarai kyauta, a yi musu kamar za a doku, a watse. Mai ƙosai ce kaɗai ke tambayar jarida da gaske, ita ma sai wadda ta kwana biyu.

Cikin duk abin da nake kawowa babu kamar Tsohuwar Zuma, wata mujallar Hausa da ake bugawa a Kaduna duk bayan wata uku. Ba ruwanta da siyasa. Tsofaffin motoci take bi gari gari, ta ɗauki hotonsu, ta faɗi wanda ya tuƙa su da irin hanyoyin da suka ci. Guda shida nake karɓa, biyar su yi ta shan rana har su koɗe. Ta shidan ta Malam Zaidu ce.

Malam Zaidu tsohon malamin firamare ne, mutum mai sanyin magana, irin wanda in ka taka shi shi ne zai ba ka haƙuri. Abin da ya gada a wurin mahaifinsa, Tamada direba, mota ce guda, Fijo 403 akori-kura, ruwan toka, tana fake a wata rumfa bayan gidansa. Lokacin da aka datse ruwa a Kainji, tafki ya taso zai ci gungu, wato tsibiran cikin ruwa, da ƙauyukan bakin kogi, da motar nan Tamada ya yi ta kwasar kayan mutane daga mashigin jirage zuwa sababbin matsugunai. Duk gidan da ya kwasa, sai ya sa ƙusa ya karce sunan maigidan da ajami a jikin akorin daga ciki. Suna ɗari da goma sha huɗu ne. Na gan su da idona ba sau ɗaya ba, wasu a miƙe, wasu a karkace, tsatsa ta zauna cikin kowane harafi.

Sau uku Malam yana rubuta wa mujallar wasiƙa a kan motar nan, shiru. Sai ga fitowar da ta zo da sanarwa a shafin farko: takarda ta yi tsada, masu karatu sun ƙaura zuwa waya, fitowa ta gaba ita ce ta ƙarshe. A makon ne kuma amsa ta iso. Editan da kansa, wani dattijo mai suna Benjamin, ya ce zai zo Yauri da kyamararsa, ya kuma ware wa motar shafi huɗu. Malam ya kawo mini wasiƙar. Ya ce shi dai burinsa sunayen nan su hau takarda kafin a rufe, don bayan wannan babu wanda zai sake tambaya.

Nan ne na yi nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Bakina bai riƙe ba. Na faɗa wa mai shayi, kuma wanda ya faɗa wa mai shayi ya faɗa wa duniya. Kafin la'asar, mutanen da ba su taɓa buɗe Tsohuwar Zuma ba, waɗanda ke ce wa motar kwanon bola, sun koma kiranta motarmu.

Jagoransu Alhaji Zulkiflu ne, babban dillalin busasshen kifi, wanda ɗansa ke auren 'yar Malam. Ina gidan ranar da ya zo da rakiyar mutum biyar da ƙamshin turare. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya taɓa ta da ɗan yatsa, ya goge yatsan a hankici.

"Malam," in ji shi, "baƙo za shi zaka tun daga Kaduna, mu gwada mishi wagga haka? Ai sai a ce Yawuri babu mutane."

Malam ya dubi ƙasa ya ce, "Alhaji, ai tsufan nata shi aka so."

"Awo, tsufa daban, ƙazanta daban. Ko tsoho in za shi Idi wanka yaka yi. Ka ba mu makulli mu ɗan kintsa ta."

Kowa ya san tsakanin surukai babu a'a. Ana kewaye-kewaye ne, a yi ta murmushi har mai hankali ya gane. To, Alhaji bai zo don ya gane ba. Malam ya ce wanki kawai, sai ko iskar taya. Alhaji ya ce, "Shi ke nan, wanki." Na yi ta zuba wa Malam ido ko zai ambaci sunayen, amma kunya ta riƙe masa harshe, wai kada ya zama kamar bai yarda da surukinsa ba. Ya miƙa makulli da hannu biyu. Washegari aka yi masa rasuwa a Wara, ya tafi zaman makoki na kwana uku.

Aka tura motar garejin Musa mai fenti. Musa kuwa duk Yelwa an san aikinsa. Kan laka yake fesa fenti, in damina ta sauka mota ta fara saɓa kamar maciji. Amma wannan karon Alhaji ya sa an kai masa kujera garejin, ya zauna a kan Musa, ya ce aikin da za a nuna wa duniya ne, ba ya son algus. Aka kafa kwamiti, saboda a garin nan ko akuya za a ɗaure sai an kafa kwamiti. Wani ya kawo fitilu masu walƙiya, wani ya kawo darduma mai gashi, wani ya ce sitiyarin ya tsufa a sa na zamani. Ni ina teburina ban san wainar da ake toyawa ba, sai da na ga yaran tasha suna nuna wa juna hotuna a waya. Na rufe tebur na ruga, na tarar an riga an gama.

Ranar da Benjamin zai iso, ranar Malam ya dawo daga Wara, ko gida bai shiga ba aka tare shi aka kai shi filin da aka kafa rumfuna. An jera kujerun roba, an ɗauko mai lasifika, an lulluɓe motar da wani ƙaton yadi. Benjamin ya sauko daga motar haya, siriri, gashi fari fat, da tsohuwar jaka a kafaɗa. Sai da ya sha jawabi huɗu kafin a bar shi ya ga abin da ya zo gani. Alhaji ya yi bayani a kan muhimmancin karatu, shi da rabonsa da buɗe takarda tun ranar da ya karɓi fasfo.

Aka yaye yadin, aka ɗauki tafi. Motar ta fito shuɗiya shar, tana ɗaukar ido, da ratsin ruwan ɗorawa a gefe, da madubai shida, a bayanta an rubuta HASSADA GA MAI RABO TAKI da manyan baƙaƙe. Wayoyi suka tashi sama.

Benjamin ya tsaya yana kallo. Can ya juyo ya ce, "To, madalla. Ina motar da aka rubuto mini?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ga ta nan gabanka, ranka shi daɗe. Ba ka gane ta ba ko? Ai haka munka so."

Malam Zaidu ya ratsa mutane. Ya taka a hankali zuwa bayan motar, ya leƙa cikin akorin, ya ɗaga dardumar. Ya shafa ƙarfen da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sumul. Wallahi na tsani garin nan a wannan lokacin, har da ni a ciki.

"Musa," in ji Malam, murya ƙasa ƙasa, "rubutun da ad nan hwa?"

Musa ya matso yana washe baki. "Wanga karce-karcen? Malam, ya ba ni wahala ƙwarai. Kwana guda ina gurza shi da inji sai da ƙarhe yay yi hwari, kana nic cike da hoda. Ko shekara goma ba shi tasowa."

Gaskiya ya faɗa. Bayan an watse na kawo wuƙa muka kankare wata kusurwa, muka wuce shuɗi, muka wuce hodar da ya cike ramuka da ita, muka tarar da farin ƙarfe kamar bayan cokali. Shekara ashirin Musa yana cutar mutane, rana ɗaya da ya yi aikin Allah da Annabi sai ya yi shi a kan motar Tamada.

Benjamin mutumin kirki ne. Bai ɗauki hoto ko ɗaya ba, duk da Alhaji ya gyara tsayuwa a jikin ƙofa ya fi sau biyar. Ya ja Malam gefe ya ce, "Malam, irin wannan motar akwai ta a kowace tasha, ba zan ɓata shafi a kanta ba. Amma sunayen nan su na zo nema. Ba ni kwafin da ka rubuta, zan buga su ko babu hoto."

Malam ba shi da wani kwafi. Shekara talatin da biyar yana sa yara kwafar darasi daga allo, amma bai taɓa kwafar sunayen nan ba. Ya ce shi a ganinsa takarda ce ke yagewa, gara ce ke cin ta, ƙarfe kuwa yana nan.

Benjamin ya ce ranar Juma'a za a kai aiki maɗaba'a, kuma daga ita babu wata Juma'ar. Duk abin da aka samu a aiko masa.

Kwana huɗu muka yi muna nema. Na bar teburina a rufe duk kwanakin nan, abin da ban taɓa yi ba ko da zazzaɓi. Malam ya zauna da littafin rubutu ya tuno goma sha ɗaya, waɗanda ke kusa da ƙofar akori, inda ido ya saba sauka. Muka hau babur muka bi ƙauyukan bakin ruwa ta wajen Ngaski, muna tambayar tsofaffi wa ya kwashe kayan gidansu shekarar tashi. Wasu sun mutu, wasu sun rikice, wani ya ce shi dai ya tuna mota ruwan toka amma yana goye a lokacin. 'Yan kwamiti kuwa ko ɗaya bai leƙo ba. Suna can suna murna hoton motar ya zagaya waya, mutum dubu kaza sun danna alamar so. Da na roƙi masu wayoyin su duba ko wani ya taɓa ɗaukar cikin akorin kafin fenti, aka rasa. Wa zai ɗauki hoton tsatsa?

Ranar Alhamis da yamma muna da suna goma sha tara. Malam ya karanta wa Benjamin su ta waya ɗaya bayan ɗaya, yana maimaita kowanne.

Bayan mako uku fitowar ƙarshe ta iso, guda shida kamar kullum. Shafi ɗaya aka ba mu maimakon huɗu. A sama an yi gajeren bayani a kan Tamada da motarsa, sai lambobi daga ɗaya zuwa ɗari da goma sha huɗu a jere. Goma sha tara na farko da sunaye a gabansu, sauran kuwa lamba ce kawai da fili. Alhaji Zulkiflu ya aiko a duba masa ko hotonsa ya fito. Da aka ce babu, ya ce dama ya san mutanen Kaduna da baƙin ciki, shi ya sa mujallar tasu ta mutu.

Malam ya koma zama a bencina kullum da safe, mujallar a cinyarsa. Wata ranar kasuwa muna zaune sai ga wata tsohuwa ta sauko daga motar Shanga, tana dogara sanda, tana tambayar ina mai jarida. Ta ce sunanta Fatsuma. Labari ya kai mata cewa ana neman sunayen waɗanda Tamada ya kwasa, ta yi ta jiran ta sami mai kawo ta.

"Ubana na ciki," in ji ta. "Illo Mai Koma. Ina tsaye sadda direban yak karce shi, ni ar riƙe da akuyarmu. Ku sa shi."

Malam ya buɗe shafin, ya zaro biro daga aljihu, ya rubuta sunan a gaban lamba ta ashirin da kyakkyawan rubutunsa na malamai. Ya juya mata ta gani. Ta daɗe tana kallo duk da ba ta iya karatu ba, ta lura nasa shuɗi ne, na sama baƙaƙe.

"Wanga na hannu na," ta ce. "Ni irin na sauran nika so, na inji. Yaushe za a sake bugawa?"

Malam ya dube ni, tunda ni ne mai jarida.

Na ce, "Inna, an rufe."