Karan Sigarin Baba Basharu

"Sirajo, kunna mani ita," in ji Baba Basharu, yana miƙo min karan sigari da ashana. Ko ashanar ba ya iya ƙyastawa.

Maƙwabcina ne, tsohon direba da ya ƙarar da ƙarfinsa a hanyar Gwandu zuwa Kalgo. Asibiti sun sallamo shi, sun ce huhun ya gama. Ni kuwa tun azumin bara na bar taba, da ƙyar da jiɓin goshi. Duk mashayi ya san ba a kunna wa wani sai an sa a baki an zuƙa. Na kuma san halina, zuƙa ɗaya ta isa ta mayar da ni ruwa.

Mu nan ba a ce wa babba a'a. Sai dai ka ce "to", ka sulale, ka ƙi dawowa. Balle wanda ke kwance rai a hannun Allah. Har "to" ɗin ta zo bakina na haɗiye ta.

"Baba, ba ni kunnawa. Na bari. In nis sa ta baki, na koma."

"Mi kac ce? Ni kaka hwaɗa ma haka?"

"Ka gahwarce ni, Baba. Hura, magani, komi kaka so ina kawowa. Wagga dai a'a."

Matarsa Hajjo ta riƙe baki a bakin ƙofa. Ya kafa min ido har tari ya sarƙe shi, sannan ya juya wa bango fuska. Na zauna ina yi masa fifita, yawuna na tsinkewa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ƙara ce min uffan ba. Ranar Laraba da hantsi ya cika.

A zaman makoki na tambayi Hajjo ko ya ambace ni. Ta ce bai ambata ba.

Da na fito, direbobin tasha sun laɓe a bayan katanga suna busa sigari. Abokina Lukuman ya miƙo kwali.

"Ungo, ka rage zahi."

"Ba ni sha, Lukuman. Kak ka ƙara yi mani tayi."

Na koma kan tabarma, na danne hannayena a ƙarƙashin cinya. Hayaƙin na tsallako katanga, yana bi ta kan masu addu'a a hankali.