Shuka a Gidan Haya

Shekarar da zafin Makka ya kusa kai Malam Isa lahira, ɗansa Ja'afaru, tela a unguwar Jarwal, ya ce abin ya isa haka. Manyan Makkawa kan gudu Ɗa'ifa su sha iska idan zafi ya tsananta, to iyayensa ma ba baya ba ne. Ya kama musu hayar gida ta wata guda a wani ƙauye can saman duwatsu, ya ɗora su a lori.

Gidan tsoho ne tukuf, ginin dutse, ƙofarsa sai ka sunkuya, ga rijiya da bishiyar rumman a tsakar gida. Ramlatu, matar Malam, tana shiga ta ji kamar an yi mata kyautar Aljanna. Mai gidan, wani dattijon Balarabe mai suna Hassan, sharaɗi ɗaya ya gindaya.

"Gidan kakana ne, ya Hajja. Aka taɓa ko tsakuwa, halas, shi ke nan, ku tattara."

Ramlatu ta riƙe maganar gam, don ta san in suka koma cikin wancan zafin, mijinta ba zai kai labari ba. Ga shi a kwana biyar kacal ya fara cin abinci, har yana neman ƙari.

Ran kwana na shida da la'asar aka yi ruwa. Ƙasa ta yi wannan ƙamshin da rabonsu da shi tun barinsu Daura, shekara talatin. Ramlatu na dama kunu ta ji sara, tim, tim. Ta leƙa. Innalillahi! Mutumin da shekaranjiya ake riƙe masa buta, shi ne ya tono wata tsohuwar fartanya a ɗakin shirgi yana saran tsakar gidan mutane.

"Malam, me zan gani haka? So kake a kore mu?"

"An yi ruwa, Ramlatu," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba. Ya miƙo mata ƙullin geron da wani alhajin garinsu ya kawo musu tsaraba bara.

Ta karɓa da niyyar ɓoyewa, wallahi da niyyar ɓoyewa. Amma ramuka a jere, maigida a gaba yana sara, ai aikin wadda ke baya sananne ne. Hannu ya jefa iri, diddige ya rufe. Kafin ta farga sun yi layi bakwai, tana dariya har da hawaye.

Bayan kwana huɗu Hassan ya zo duba gidansa, ya tarar da tsiro kore shar. Ramlatu ta fito da sauri. Ta soma ba da haƙuri da Larabcinta na kasuwa, tana lissafin yadda za ta ɗaure kaya.

Dattijon ya tsuguna, ya daɗe yana shafa tsiron da ɗan yatsa.

"Tun rasuwar mahaifina ba wanda ya shuka komai a nan," ya ce. Ya dubi Malam Isa. "Ya Shaihu, yaushe zai nuna?"

"Wata uku, in Allah ya yarda."

"Kuma hayarku wata ɗaya ce. Wa kuke so ya yi muku noma da girbi, ni?" Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ba inda za ku sai kun girbe abinku."

Ramlatu ta koma madafa ta ɗora shayi, kofi uku.