Sandar Baffa Sajo

Har yau in na ji ƙarar injin gugar katako sai raina ya ɓaci, kuma yayana Badaru ne ya jawo.

Shekarar da aka sallame su daga masaƙa a Kano, lokacin da sabulu ma sai an yi masa layi, ya dawo mana Gude da zarto da guduma, wai zai buɗe shagon kafinta a zauren gidanmu. Ba wanda ya hana shi. Amma Badaru bai iya yin abu kamar kowa ba. Guga da hannu, in ji shi, aikin wahalallu ne. Ya je Gwarzo ya taya inji, ya dawo jiki a sanyaye, ga shi garinmu ko wutar lantarki babu. Sai ya sa wa keken ɗinkina ido.

"Ƙafar kawai zan ara, Khairiyya. Kwana biyu."

Ya cire kan keken ya dire mini a ƙasa. Ya sassaƙa wani gungume, ya naɗe shi da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta gugar katako, ya haɗa shi da igiyar keken. In ya taka sai gungumen ya juya, katako ya fito sumul. Abin ya yi aiki, kuma daga nan masifa ta fara. Kujerar tsuguno, muciyata, ƙotar fartanya, duk abin da ya gani sai ya goge. Garin katako har a cikin miya muke sha.

Mahaifinmu, Baffa Sajo, ya daɗe da makancewa. Yana da sandar kiwo tun zamanin da yake da shanu, baƙa wuluk don tsufa, duk ƙulli da tsaga, da wani ɗan gurbi inda babban yatsansa ya cinye iccen. Da ita yake zuwa masallaci shi kaɗai. Ya tsani a ja shi; ko ni na kama masa hannu sai ya fizge.

Wata Juma'a Baffa ya ɗan kishingiɗa, Badaru ya ɗauke sandar, wai kada sartse ya shiga hannun tsoho. Sai ga shi da ita fara fat, yana washe baki, yana jiran a sa masa albarka.

Baffa ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya sake shafawa.

"Ta wane ne wannan?"

"Taka ce, Baffa. Gyara maka ita na yi."

"Kai, ba na son wasa. Miƙo mini sandata, an kusa kiran salla."

Badaru ya yi ta rantsuwa. Ina kallon yatsan Baffa yana yawo a jikin iccen, yana neman gurbinsa, bai samu ba. Ya yar da ita. Ranar bai je Juma'a ba, washegari ma ko zaure bai leƙa ba.

Na wanke Badaru tas, ban duba girmansa ba, har maƙwabta suka shigo ba da haƙuri. Shi kuma, don Allah ku ji wauta, sai ya shafe sandar da baƙin tukunya. Makaho za a yaudara da launi! Da wannan bai ci ba, ya sa wuƙa ya ƙwaƙule mata gurbi. Baffa ya taɓa ya ce, "Wane mugu ne ya ji wa iccen nan ciwo?"

Haka ya zauna a ɗaki yana salla a kan buzu, ƙafafunsa har suka fara kumbura. Wata la'asar sai na ji ya kira ni. Mutumin da ke fizge hannu, shi ya miƙo mini nasa da kansa.

"Kai ni ƙofar gida, Khairiyya, ko wani ya ƙarasa da ni masallaci."

Na riƙe shi, ina kuka ba sauti. Da muka shiga zaure Badaru ya ɗauke ƙafa daga keken, gungumen ya tsaya. Baffa ya juya wajensa.

"Badaru, in ka shiga kasuwar Gwarzo ka riƙa duba mini sandata. Wataƙila ɓarawon ya kai ta can."