Ranar da Na Je Biko da Kwat

A shekarun da arzikin mai ya taɓa kowa, har da mu malaman firamare, ni Hadi na sayi talabijin. Ƙarama ce, baƙi da fari, da batirin mota take aiki, kuma sai da na haɗa gora biyu na ɗaure eriya a samansu kafin hoton Kano ya yarda ya iso Birnin Kudu. Ko da ya iso ma rabinsa yayyafi ne. Amma duk ranar Lahadi da yamma ana nuna wani wasan Turawan Ingila na zamanin kakanninsu, kuma wasan nan shi ya ci ni.

Gaskiya ina son sa har cikin raina. Ga manyan gidaje masu bene, ga keken doki, maza da doguwar hula kamar turmi, mata da riguna sai ka ce laima. Ba mai ɗaga murya. Mutum zai wanke ɗan'uwansa tas da baƙar magana, yana murmushi yana juya cokali a cikin shayi. Turancin nasu kaɗan nake tsinta, sauran in cike da kaina, in fassara wa maƙwabtan da ke cika mini tsakar gida. Ba wanda ya isa ya musa mini, tunda ni ne mai talabijin.

Da abin ya tsaya a kallo, da da sauƙi. Sai na fara shan shayi ƙarfe huɗu na yamma, cikin zafin bazara, gumi na ɗiga a kofin. Na sa kafinta ya yi mini tebur. Can kuma na lura maigidan cikin wasan ba ya kiran kowa da baki, wata 'yar ƙararrawa yake kaɗawa, sai ka ga tire ya iso. Ban yi ƙasa a gwiwa ba na samo tawa a kasuwa.

Matata Batulu 'yar Zandam ce ta ƙasar Gwaram, a Turanci ko zo in kashe ka ba ta ji. Amma tare muke kallo, ido kuwa ba ya bukatar tafinta. Kwana biyu ta amsa ƙararrawar. A na uku ta dire mini shayin, ta tsaya a kaina.

"Malam, na duba wasan nan naka da kyau," in ji ta. "In mutumin ya kaɗa, matarsa tana zaune kusa da shi. Wadda ke tahowa da gudu mai farin ƙyalle ce a ƙugu. Ni wacce ce a ciki?"

Maimakon in ba ta haƙuri, sai na ɗaga gira ɗaya yadda na ga ana yi, na ci gaba da juya cokali. Washegari na dawo daga makaranta na tarar ta yi yaji.

Sati guda na yi ina cika baki cewa za ta dawo don kanta. A na biyu gida ya yi mini faɗi. Ba tuwon kaɗai ba, ko da yake shi ma na yi kewarsa. Ita nake so, kuma tsoro ya kama ni kada abin ya kai ga rabuwa, don mahaifinta, Baba Maikano, makiyayi ne mai magana ɗaya, in ya ce a'a to ta zauna.

A wajenmu kowa ya san yadda ake biko. Miji ba ya tunkarar suruki da kansa, manya yake turawa da goro su ba da haƙuri, shi yana gida yana jiran abin da za su dawo da shi. Kawuna Dabo ya ce in saurara, mako mai zuwa za su je shi da limamin unguwa. Na ce masa ya huta abinsa. Ai a Lahadin da ta wuce na ga wani saurayi ya shiga wurin uban yarinya shi kaɗai, ya cire hula, ya tsaya ƙyam, ya dubi tsohon ido cikin ido ya faɗi abin da ke ransa, tsohon har da ƙwalla. Kawu ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ya tashi ya tafi.

Ranar Asabar na ciro kwat ɗin da na saya a gwanjo a Kano, baƙa mai kauri, wadda aka ɗinka don ƙasar ƙanƙara. Na shaƙe wuyana da ɗan ƙyallen nan na 'yan boko, na sa takalmi sau ciki mai igiya, na kafa malafar Bature, na hau babur. Damina ta fara, hanya duk caɓi. Na tsaya a bakin wata gona na tsinko furannin daji dami guda, ina tafe ina maimaita jawabina, har ni kaina abin ya fara ba ni tausayi.

Da hantsi na isa Zandam. Baba yana zaune kan tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana tufka igiyar dangwali ta ɗaure maruƙa, dattawa huɗu na kewaye da shi. Na kafe babur, na yi sallama, na taka tabarmar nan da takalmi, laka da komai. Na cire malafa na bar kaina tsirara. Ban tsuguna ba. Na miƙa masa hannu daga tsaye, na dube shi cikin ido, sannan na yi abin da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi: na kira surukina da sunansa.

"Malam Maikano," na ce, "na zo da kaina, namiji da namiji, in gaya maka ina ƙaunar 'yarka."

Dattawan nan huɗu suka sunkuyar da kai lokaci guda, kamar an ce a shafa fatiha. Hannuna ya daɗe a iska har ya fara nauyi. Wani ɗan maraƙi ya zagayo ta bayana ya kama cin furannin, ni kuwa na kasa hana shi, don ban taɓa ganin yadda ake korar maraƙi a wasan ba.

Baba bai daina tufka ba. Ya tambayi na kusa da shi ko ya san daga inda wannan baƙo ya fito. Sai da ya kai ƙarshen igiyar ya ƙulle, sannan ya yi magana, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Shekara bakwai na yi ina yi wa Baturen allurar shanu jagora, tun kafin mulkin kai. Daga nan har Dingaya ba rugar da ban kai shi ba. In muka isa gaban ardo, takalmi yake cirewa ya tsuguna, har kana jin gwiwarsa na ƙara. Bai taɓa kama sunan babana ba. To kai wane irin Bature ka samo?"

Na durƙusa ina kokawa da igiyar takalmi, wadda ta ga dama ta cije a wannan lokaci. Ina cikin haka Baba ya ce in leƙa zaure. Na leƙa. Ga ƙullin kayan Batulu an ɗaure tsaf, ga ƙwaryar man shanu a kai an rufe da faifai. Ya ce tun shekaranjiya ya kira ta ya ji abin da ya haɗa mu, ya gaya mata ƙararrawa ba ta kashe aure, ta koma ɗakinta. Ita ma ba ta musa ba, da kanta ta ɗaure kayan. Yayanta Manu ne zai kawo mini ita gobe da safe.

"Da ka zauna a gidanka, da gobe war haka tana tsakar gida," in ji shi. "Yanzu kuwa mutanen nan sun gani da idonsu. In na ba ka ita, za a ce na miƙa 'yata ga mai taɓin hankali. Je ka turo manyanka su shaida mini lafiyarka ƙalau."

Na tura babur ban ko iya tayar da shi ba, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Da na zo daidai dangar gidan sai na ji muryar Batulu ƙasa-ƙasa ta bayan zana. Na zaci dariya take yi, kuma da ta yi ban ga laifinta ba. Ashe kuka ne. "Don Allah Malam rufe kanka," ta ce, "mutane na kallonka." A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, don na gane kunyata ce take ji a madadina.

Wata guda cur Kawu Dabo ya yi yana zarya tsakanin Birnin Kudu da Zandam, sawu uku, kowane sawu sai ya biyo ta gidana ya faɗa mini abin da ya ga dama, ni kuwa in ce na gode. A na ukun ya dawo da ita. Baba ya yafe mini, bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Amma har Allah ya karɓi ransa, duk ranar da na je gaishe shi na tsuguna, sai ya fara duban ƙafata kafin ya amsa.